Na'urori iri huɗu a saman soro ɗaya: yadda muka gwada ma'aunan ƙurar hunturu a Damagaram

Wata ƙaramar ƙungiya ta malamai da ma'aikatan lafiya a Damagaram, wadda nake cikinta, ta sami ɗan tallafin da zai isa sayen nau'i ɗaya kacal na na'urar auna ƙurar iska, aka kuma bar mana zaɓi. Ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu suna son sanin yawan ƙurar da mutanen gari ke shaƙa daga Nuwamba zuwa Maris, watannin da tari da fuka da ciwon ƙirji ke cika ɗakunan shan magani, kuma watannin da sanƙarau ya saba tasowa, kamar yadda ya taso a jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Jimillar ƙurar kaɗai ba ta biya musu bukata, sai an raba ta bisa girman ƙwayoyinta, domin girman ƙwaya ne ke nuna inda za ta tsaya a jikin mutum. Tun da kowane mai sayarwa yabon hajarsa yake yi, sai muka yanke shawarar aro na'urori iri huɗu, mu jera su wuri ɗaya na tsawon makonni uku a tsakiyar hunturu, mu ga abin da kowacce za ta faɗa game da iska ɗaya.

Girman da ake magana a kansa ya fi ƙarfin ido. Ana auna shi da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum yana tsakanin 50 da 70. Ƙwayoyin da suka wuce maikuromita 10, hanci da maƙogwaro ne ke tare mafi yawansu, su ne ake gani cikin majina da kaki idan mutum ya wuni a waje ranar hazo. Waɗanda ba su kai 10 ba, da ake kira PM10, suna iya gangarawa hanyoyin numfashi na ƙirji, waɗanda kuma ba su kai 2.5 ba, wato PM2.5, suna isa can cikin huhu inda jini ke karɓar iska. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta mizaninta, ta ce a matsakaicin awa 24 bai kamata PM10 ya wuce maikurogiram 45 a kowace kubik mita ta iska ba, PM2.5 kuma kada ya wuce 15 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Tashoshin da AMMA, wani shirin binciken damunar Afirka ta Yamma, ya kafa a 2006 a Mbur ta Senegal, da Sinzana ta Mali, da Banizumbu mai tazarar kimanin kilomita 60 gabas da Yamai, sun nuna cewa da rani matsakaicin yini na PM10 yakan kai ɗaruruwa. Damagaram kuwa ta fi dukkansu kusa da mafarin ƙurar.

Mafarin shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, kimanin kilomita 1,000 daga nan, inda gindin tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi da ta taru daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsuwa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan ƙasa ta nufo yamma. Amma buji ba shi kaɗai ne a iskar garinmu ba. Da almuru hayaƙin itacen girki yana tashi daga kowace unguwa, da asuba ana hura wutar jin ɗumi a bakin titi, ana ƙona bola, ƴan kabu-kabu da manyan motoci kuma suna tayar da turɓayar hanyoyin da ba su da kwalta. Saboda haka iri biyu ne na ƙwayoyi ke yawo tare, ɗaya manya, busassu, masu tauri irin na dutse, ɗayan kuma ƙanana ƙwarai, baƙaƙe, masu danƙo. Kusan duk saɓanin da muka gani daga baya a wannan bambanci ya samo asali.

Na'urorin da muka ara

Ta farko ita ce mai hawa takwas, irin ƙirar da ke ɗauke da sunan Andersen, wanda ya bayyana samfurinta na farko mai hawa shida a 1958 don kama ƙwayoyin cuta daga iska. Gwangwanaye ne na ƙarfe da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, kowanne da ƙananan hudoji masu yawa, a ƙarƙashinsa kuma da faifai. Famfo yana zuƙar iska daga ƙasa, lita 28.3 a minti, iskar ta fito ta hudojin ta doshi faifan, sannan ta karkata ta bi gefe zuwa hawa na gaba. Ƙwayar da ta yi nauyi ba ta iya karkata tare da iskar, sai ta daki faifan ta zauna, mara nauyi kuma ta wuce. Hudojin suna ƙara ƙanƙanta daga sama zuwa ƙasa, iskar tana ƙara gudu, kowane hawa yana kama waɗanda suka fi na samansa ƙanƙanta, a ma'aunin maikuromita: 9.0, 5.8, 4.7, 3.3, 2.1, 1.1, 0.7, da 0.4, abin da ya tsira kuma filtar ƙarshe ta tare shi. Mutane da yawa idan sun gan ta rariya ke faɗo musu a rai, amma aikinta ya fi kama da shiƙar gero, inda iska ke tafiya da ƙaiƙayi ta bar tsaba ta faɗo, domin hudojin sun fi ƙwayoyin girma nesa ba kusa ba, kuma abin da ke rabon shi ne yadda ƙwaya ke biye wa iska ko ta bijire mata.

Ta biyu tagwaye ne masu aiki da batir, kowacce tana zuƙar lita 5 a minti ta tara ƙura a filta mai faɗin milimita 47. A bakin ɗaya akwai ɗan faifan da ke tare abin da ya wuce 10, a bakin ɗayar kuma akwai wani ƙarin faifan da ke tare abin da ya wuce 2.5. Da waɗannan biyun da mai hawa takwas, duk sai an auna filta ko faifai a sikeli kafin aiki da bayansa, a raba ƙarin nauyin da yawan iskar da ta ratsa.

Sauran biyun ba sa tara komai don sikeli. Ta uku mai ƙirge ce da haske: tana ratsa iska ta gaban siririn hasken lesa, kowace ƙwaya ta watsa hasken, na'urar ta kimanta girmanta daga ƙarfin walƙiyar, ta jefa ta a rukunin da ya dace, kuma tana ba da sakamako minti-minti. Ta huɗu ƴar ƙarama ce mai araha, ba ta fi tafin hannu ba, irin wadda ake haɗawa da intanet mutum ya riƙa duba lambobinta a wayar salula. Ita ce mafi yawanmu suka so tun farko, domin kuɗin ɗaya daga cikin sauran zai sayi irinta da yawa a rarraba unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari.

Mun kafa su a saman soron wani gidan bene da ke nesa da babban titi, inda babu bishiya ko katangar da ke tare iska ta gabas. Mun bi ƙa'idar Amurka ta jera na'urori don kwatance, wadda ta ce masu ƙaramin zuƙa kada su matsu ƙasa da mita 1, kada kuma su yi nisan da ya wuce mita 4, muka daidaita tsayin bakunansu, muka juya bututun da famfo ke fitar da iska zuwa yamma don kada wata ta shaƙi abin da ƴar'uwarta ta fitar. Kowace safiya a lokaci ɗaya ake canza filta da fayafayai, a rubuta gudun iska na farko da na ƙarshe.

Kwanakin jituwa da ranar rabuwa

Kwanakin farko sama tana garau, kuma na'urorin huɗu sun yi kusa da juna har wasu daga cikinmu suka fara cewa gwajin ɓata lokaci ne. Mai ƙirge da haske da ƴar ƙaramar suna tashi tare da asuba da bayan magariba, suna sauka tare da rana, abin da ya dace da lokutan hura wuta. Wata safiya dattijon da ke gadin gidan ya ce mana mu shirya, buji ya iso. Ɗalibar da ke canza filta ta ce masa, "Baba, ina ka ga alama?" Ya nuna mata duwatsun Birni, waɗanda kullum ake hangowa daga soron, ranar kuwa sun dushe kamar an rufa musu farin mayafi. Ba abin raini ba ne wannan ma'auni nasa, domin masu lura da yanayi a filayen jirgin sama ma da nisan abin da ido ke iya hangowa suke rubuta ƙarfin hazo, kuma irin waɗannan rubuce-rubuce na shekaru da yawa su ne tarihin ƙura mafi tsawo da yankin Sahel ke da shi.

Daga wannan rana na'urorin suka rabu. Mai hawa takwas ta nuna cewa wani babban kaso na ƙurar yana cikin mafi ƙanƙantan rukunai, har da filtar ƙarshe. Tagwayen batir suka nuna akasin haka, wato mafi yawan nauyin yana tsakanin 2.5 da 10. Mai ƙirge da haske ta bi tashin ƙurar da saukarta awa bayan awa, amma nauyin da take lissafawa bai yi daidai da na kowane sikeli ba. Ƴar ƙaramar kuwa da ƙyar ta motsa, a ranar da mutum ke jin ƙasa tsakanin haƙoransa. Da ɗaya kaɗai muka saya ba tare da kwatance ba, da kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarai huɗu mun kai wa likitoci a matsayin gaskiya.

Zarginmu na farko ya faɗa kan famfo. Iyakar da kowane hawa ke rabo a kanta ta dogara da gudun iska, kuma idan filta ta toshe ko wutar lantarki ta yi rauni gudun yana raguwa, iyakar ta matsa sama. Lissafin sananne ne: raguwar gudu da kashi 10 cikin 100 tana ɗaga iyaka da kimanin kashi 5, raguwar kashi 20 kuma tana mayar da 2.5 ta koma kusan 2.8. An ɗauke wuta sau biyu cikin makonnin, muka soke waɗannan ranaku gaba ɗaya daga kwatancen. A sauran ranakun gudun farko da na ƙarshe ba su yi nisan da zai bayyana saɓanin ba.

Sai muka koma kan wani abu da ya kamata mu lura da shi tun kafin mu hau soro. Mai hawa takwas ba ta da iyaka a 2.5 ko a 10. Tana da 2.1 da 3.3, don haka duk wanda ke son PM2.5 daga gare ta sai ya yi kirdado tsakanin hawa biyu. A garin da hayaƙi ya fi yawa wannan kirdado ba ya cutarwa sosai, saboda nauyin da ke tsakanin 2 da 3 kaɗan ne, amma a ranar buji daidai nan ne nauyin ke fara hauhawa. Haka kuma abin da ake kira iyaka ba katanga ba ce. Ma'anarta girman da ake kama rabin ƙwayoyinsa, rabi kuma su wuce, wanda ke nufin wasu da suka ɗan fi ta girma suna sulalewa, kuma yawan masu sulalewar ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Idan manyan ƙwayoyi suka ninka ƙanana sau da yawa, ɗan abin da ya sulale sai ya zama babban kaso na abin da aka auna a ƙasa. Wannan ya rage saɓanin amma bai kawar da shi ba, musamman bai bayyana abin da ya kai nauyi har filtar ƙarshe ba.

Launin filtar ne ya tona asiri. A kwanakin garau filtar ƙarshe baƙa take fitowa, kalar kunkunniya, kamar yadda ake tsammani daga hayaƙi. A kwanakin buji sai ta fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, irin na fayafayan sama. Muka ɗora ta a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu, muka ga ƙwayoyi masu kusurwa waɗanda girmansu ya ninka abin da ya kamata ya isa wurin sau da yawa. Dalilin shi ne mun sa fayafayan ƙarfe tsirara, ba mu shafa musu komai ba. Busasshiyar ƙwayar dutse idan ta daki busasshen ƙarfe da gudu tsalle take yi, kamar tsakuwar da aka jefa a daɓe, iska ta sake ɗaukarta zuwa hawa na ƙasa, inda gudun ya fi na sama, don haka wadda ta yi tsalle sau ɗaya da wuya ta sake zama sai ta kai ƙarshe. Ƙwayar hayaƙi tana da danƙo, a ƙasashe masu laima kuma ƙwayoyi da yawa suna ɗauke da ruwa, shi ya sa wannan matsala ba ta cika bayyana a can ba kamar nan, inda laimar iska da rana a hunturu kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Laifin namu ne, domin masu ƙera irin waɗannan na'urori da masu bincike sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Mun ga kwanakin farko sun yi kyau ne sai muka saki jiki.

Akwai kuma batun cika. Lita 28.3 a minti tana ba da kusan kubik mita 41 a awa 24. Idan aka ɗauka, don lissafi kawai, cewa iska tana ɗauke da maikurogiram 500 a kubik mita, to kimanin miligiram 20 ne zai shiga na'urar, mafi yawansa ya sauka a fayafayai uku ko huɗu. Mun ga sakamakon da idonmu: ƙarƙashin kowace huda ƙurar ta yi ɗan tudu kamar shuri, wasu tuddan kuma iska ta share musu kai ta ja su gefe. Da zarar tudu ya tashi, ƙwayar da ta biyo baya ƴar'uwarta take daka, kome aka shafa wa faifan.

Maganin tsalle shi ne shafa giris siriri a faifai. Ɗaya daga cikinmu ya kawo shawarar basilin, tun da a hunturu babu gidan da ba a samunsa saboda kaushi da faso, kuma gaskiya yana kama ƙura. Matsalarsa yana narkewa idan rana ta gasa ƙarfen, kuma duk abin da ya ragu ko ya zube daga faifan da za a ɗora a sikeli zai shiga lissafi a matsayin ƙura. Muka yi amfani da giris ɗin silikon, muna barin faifan ya kwana bayan shafawa kafin awon farko. Shi ma da nasa aibin: faifan da aka shafa wa giris bai dace da binciken sinadaran hayaƙi ba, na silikon kuma yana ɓata awon sinadarin silikon, wanda shi ne ƙashin bayan ƙurar hamada. Wanda ke son sanin nauyi da sinadari duka biyun sai ya yi zagaye biyu. Mun kuma rage tsawon zuƙa a ranakun buji zuwa ƴan awoyi, muna tsayar da dukkan na'urorin tare don kwatancen ya tsaya a kan iska ɗaya. Bayan wannan gyara filtar ƙarshe ta koma baƙa ko a ranar hazo, nauyin ya koma hawayen sama, mai hawa takwas da tagwayen batir suka matso kusa da juna.

Tagwayen ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Ƙaramin faifan da ke bakinsu yana zuwa da umarnin a share shi a sake masa giris bayan wasu kwanaki, amma a ranar buji yini ɗaya ya isa ya binne giris ɗin, mai auna PM2.5 ta fara shigar da manyan ƙwayoyi. Sai muka mayar da sharewar ta kullum. Rauninsu na gaske yana ɗaya gefen: lita 5 a minti kubik mita 7.2 ce kawai a awa 24, don haka iskar da ke daidai mizanin 15 za ta bar maikurogiram 108 kacal a filta, nauyin da sai sikeli mai gane maikurogiram ɗaya ke iya auna shi da aminci.

Masu aiki da haske

Saɓanin mai ƙirge da haske ba lalacewa ba ce, wani girma dabam take aunawa. Masu faifai suna rabo bisa yadda ƙwaya ke tafiya a iska, suna kwatanta ta da dunƙulalliyar ƙwaya mai nauyin ruwa, giram 1 a kubik santimita. Ƙwayar ma'adinin kwaz, wanda ya yawaita a yashi, nauyinta giram 2.65 ne, saboda haka dunƙulalliya mai faɗin maikuromita 1.5 tana tafiya kamar ta 2.4, mai faɗin 2.5 kuma kamar ta 4, ko ƙasa da haka kaɗan idan mai kusurwoyi ce. Ita kuwa mai haske da ƴan dunƙulallun ƙwayoyin roba ake daidaita ta a masana'anta, waɗanda ke watsa haske dabam da yadda gutsuren dutse mai kusurwa ke watsawa. Bayan ta kimanta faɗi sai ta yi lissafin nauyi, kuma nauyi yana tafiya ne da faɗi sau faɗi sau faɗi, don haka kuskuren kashi 10 cikin 100 a faɗi yana zama kashi 33 a nauyi. Ƙwaya ɗaya mai faɗin 10 nauyinta ɗaya da ƙwayoyi 1,000 masu faɗin 1, wanda ke nufin ɓatan ƴan ƙalilan manya a bakin bututu, musamman lokacin da iska ke kaɗawa da ƙarfi, yana sauya jimillar sosai. Da muka jera lambobinta kusa da na sikeli, sai muka ga tazarar tana da tsari: iri ɗaya ce a kwanakin buji, wata iri kuma a kwanakin hayaƙi. Wannan ya sa ta gyaru, muddin an yi mata ma'aunin gyara biyu, wato lambobin da za a riƙa ninka sakamakonta da su, kuma mai aiki ya san wace irin rana yake ciki.

Ƴar ƙaramar ba ta gyaru haka ba. Irinta ƙaramar fanka ce ke jan iska ta lunguna, manyan ƙwayoyi suna maƙalewa kafin su isa hasken, lambar PM10 da take nunawa kuma lissafi ne da aka gina kan abin da ta gani na ƙananan. Ma'aunin gyara yana aiki ne idan na'ura ta ga abu ta yi kuskuren yawansa, amma abin da bai iso gabanta ba babu lambar da za a ninka ta fito da shi. A kan hayaƙin asuba da na magariba kuwa ta bi babbar yayarta sau da ƙafa har ƙarshen gwajin.

Sikeli da hanya

Ba mu da ɗakin awo mai daidaitaccen zafi da laima. Ƙa'idar Amurka ta ce filta ta zauna aƙalla awa 24 a zafin digiri 20 zuwa 23 da laimar kashi 30 zuwa 40 kafin kowane awo, don haka sai da muka riƙa aikawa wani ɗakin gwaji a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 a mota. Busasshiyar ƙura ba ta riƙe filta da ƙarfi, kuma a kashin farko da muka aika mun sami gari a gindin ƴan akwatunan robar da aka kifa. Daga nan muka riƙa jera su fuska sama, a cikin kwali mai soso, da alamar da ke nuna saman kwalin. Wutar nan da ke tartsatsi a bargo da dare cikin hunturu tana taruwa a filtar Teflon, wani nau'in roba, ita ma, ta sa lambar sikeli ta ƙi tsayawa, sai an kashe ta kafin awo. Abin da ya fi taimakonmu shi ne filtocin shaida, waɗanda ake hawa da su soro a buɗe a rufe ba tare da an zuƙi iska ta cikinsu ba, su yi tafiyar tare da sauran; duk canjin da aka gani a nauyinsu na hannu ne da hanya.

Wani ɗan saɓani da ya rage har ƙarshe daga lissafin yawan iska ya fito. Ɗaya daga cikin na'urorin tana ba da shi bisa zafi da matsin iskar wurin, wata kuma tana mayar da shi kan mizanin digiri 25 a bakin teku. Damagaram tana sama da mita 400 bisa teku, matsin iskarta ya gaza na bakin teku da kimanin kashi 5 cikin 100, zafin asuba da na azahar kuma sun yi nisa da juna. Muka mayar da dukkansu kan yanayin wurin.

Abin da aka zaɓa

Sakamakon makon farko na mai hawa takwas mun jingine shi, muka rubuta dalili a rahoton maimakon mu share shi. Kuɗin ya tafi kan tagwayen batir, saboda suna rabo a daidai 10 da 2.5 da likitoci ke tambaya, ba sa dogara da wutar gari, kuma abin da suke bayarwa nauyi ne da aka ɗora a sikeli. Sharuɗɗan da muka gindaya su ne giris sabo kowace safiya daga Nuwamba zuwa Maris, gajeren zuƙa a ranar da hazo ya rufe duwatsu, da filtar shaida a kowane kashi. Ni da kaina na so a ce kuɗin sun isa mai ƙirge da haske, domin ita kaɗai ke nuna wa ma'aikacin lafiya awar da ƙura ta fi tsanani, kuma mai fuka wannan yake bukatar ji kafin ya fita. Mun roƙi masu ita su bar mana aronta duk hunturu, a riƙa gyara ta da sikelin tagwayen. Mai hawa takwas za a riƙa ɗauko ta ne idan ana son cikakken rabon girma na ƴan kwanaki. Ƴan ƙananan kuma an amince a sa biyu ko uku a unguwannin da hayaƙi ya fi yawa, da sharaɗin kada a buga lambarsu ta PM10 a ko'ina.

Za a sake jera su a soron nan cikin Mayu da Yuni, lokacin da guguwar gaban hadari ke tayar da yashin gonakin kewayen gari cikin ƴan mintuna, laima kuma ta tashi nan take bayanta. Ƙwayoyin wannan lokaci sun fi na Bodele girma saboda ba su yi doguwar tafiya ba, iskar ta fi ƙarfi a bakin bututu, don haka ma'aunin gyaran da muka samo a hunturu ba za a yi aiki da shi ba sai an sake gwada shi da sikeli.